Cincilar da ta zo mana da sunanta

Duk wanda ya karɓi dabbar gida daga hannun wani bayan ta girma, ya karɓe ta ne tare da abubuwa da dama waɗanda ba shi ya zaɓa ba: kejin da take kwana a ciki, irin abincin da cikinta ya saba da shi, lokacin farkawarta, abin da take tsoro, da kuma sunan da ake kiranta da shi. Sauran abubuwan ba su cika jawo gardama ba, amma suna yakan raba kan mutanen gida, wasu su ce a bari, wasu su ce a sake. A nan Jidda tambayar ba baƙuwa ba ce, domin da yawa daga cikin masu kiwon irin waɗannan dabbobi baƙi ne waɗanda zamansu ya rataya a kan kwantiragin aiki, kuma ranar da aka buga wa mutum huruj niha'i, wato bizar barin Saudiyya gaba ɗaya, yakan shiga neman wanda zai bar wa kyanwarsa ko akunsa tun kafin ya gama ɗaure kaya. Mai leƙa shafin saye da sayarwa na Haraj a intanet ya san irin wannan talla, inda ake rubuta shekarun dabbar da dalilin rabuwa da ita, sannan a ƙara da sunanta, domin mai ita yana ganin sunan ma yana cikin abin da yake miƙawa.

Tamu cincila ce, mun kuma same ta ne daga wata maƙwabciyarmu 'yar ƙasar Filifin, ma'aikaciyar jinya, wadda wa'adin aikinta ya cika ta koma gida. Ga wanda bai taɓa ganin cincila ba, dabba ce daga dangin ɓera, mai manyan kunnuwa da jela mai gashi irin ta kurege, nauyinta yakan kama daga giram 400 zuwa 800, asalinta kuma tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, musamman ƙasar Cile. Abin da ya sa maganar suna ta fi nauyi a kanta shi ne tsawon ranta. Ƙananan dangin ɓera da yara ke kiwo sukan mutu cikin shekara biyu ko uku, amma cincila idan ta sami kulawa tana kai shekara 15, wasu har 20, kuma wanda kundin Guinness ya rubuta a matsayin mafi daɗewa, wani namiji mai suna Radar, ya mutu a 2014 yana da shekara 29. Dabbar da ke daɗewa haka da wuya ta ƙare ranta a hannu ɗaya, balle a garin da mutane ke zuwa suna tafiya. Tamu ba ta wuce shekara biyar ba lokacin da ta shigo gidanmu, saboda haka idan Allah ya yi mata tsawon kwana, sunan da muka tsayar zai daɗe a bakinmu fiye da yadda na farkon ya daɗe a bakin mai ita.

Sunan da ta zo da shi Nana ne. Na rubuta shi sau ɗaya saboda larura, daga nan kuma zan riƙa cewa tsohon sunan, domin da shi ake kiran mahaifiyar maigidana tun tana yarinya, ni kuwa bakina bai taɓa furta shi ba tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Maƙwabciyar tawa ba ta da laifin komai, ta zaɓi sunan ne saboda gajere ne mai daɗin kira. A shekarun da muka yi muna maƙwabtaka na sha jin tana kiran dabbarta da shi idan na shiga wurinta, nakan kawar da kai, domin gidanta ne kuma bakinta ne. Amma da kejin ya tsallako ƙofarmu, sai sunan ya zama abin da 'ya'yana za su riƙa ƙwalawa a falona, a gaban ubansu.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan alkunya, amma abin ya wuce kunyar suruka kawai. A wurinmu sunan dabba ba kullum yake zama sunan banza ba, domin mun gaji al'adar raɗa wa kare ko akuya suna na habaici, yadda mai abin zai tsaya a tsakar gida ya kira dabbarsa, maƙwabci ko kishiya kuwa ta san da wa ake. A kunnen da ya tashi da wannan al'ada, matar da ta ajiye ɗan ɓera a keji mai sunan uwar mijinta ta riga ta faɗi abin da ke ranta, ko ta nufa ko ba ta nufa ba. Hajiya, surukar tawa, a Makka take zaune, a unguwar Misfala, danginmu kuma suna kai da komo tsakanin can da nan kusan kowane ƙarshen mako. Sai mutum ya auna yadda za a ji yaro yana cewa wance ta ƙi cin ciyawa, wance ta yi birgima a ƙura, wance ta yi kashi a bayan kujera, sannan ya auna irin siffar da maganar za ta ɗauka kafin ta isa Makka. Babu wanda zai tsaya tambayar labarin wata 'yar Filifin da ta bar ƙasar. Bayan wannan, kalmar ita ce muke sawa a gaban sunan Faɗima 'yar Manzon Allah (SAW) da matarsa A'isha don girmamawa, da ita kuma muke kiran Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, don haka ko da babu Hajiya a lissafin, harshena zai yi nauyi.

Yaran, waɗanda a nan aka haife su kuma Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, da farko sun ɗauki abin wasa ne. 'Yata, da yake ita ce kishiyar kakarta kuma wasan jika ya ba ta lasisin faɗin abin da ta ga dama, cewa ta yi: "Umma, to mu riƙa ce mata Takwarar Hajiya mana, kin ga ba a faɗi sunan ba." Abbansu ya ɗaure fuska ya ce kada ya sake ji, ko da yake na ga yana danne dariya. Babban ɗana ne ya kawo hujjar da ta tsayar da ni. Ya ce: "Umma, ai amana aka ba mu. An raba ta da mai ita, an raba ta da ɗakin da ta sani, yanzu kuma ɗan sunan da ya rage mata za a ƙwace?" Wannan ba maganar da ake kashewa da tsawa ba ce, domin tana ɗauke da tambayar da ya kamata duk mai niyyar sake wa dabba suna ya fara amsawa: shin ita dabbar ta san sunan, kuma idan an ɗauke shi, me ta rasa?

Kunnen cincila ba abin rainawa ba ne. Yadda take jin sauti ya yi kusa da yadda ɗan Adam ke ji, shi ya sa masu binciken ji da kurumta suka daɗe suna amfani da ita a ɗakunan gwaji. A 1975 Patricia Kuhl da James Miller suka wallafa wani bincike a mujallar Science, inda suka horar da cincila ta bambance gaɓar da ta fara da "d" da wadda ta fara da "t", irin su "da" da "ta", ko da an sauya mai magana, suka kuma gano cewa inda take yanke iyaka tsakanin sautukan biyu kusan daidai yake da inda masu jin Turanci ke yankewa. Dabbar da ke iya raba "da" da "ta" ba za a ce mata duk sunaye ɗaya ne ba, kuma a nan ɗana yana da gaskiya. Sai dai jin bambancin sauti daban, riƙe shi a matsayin "ni ke nan" daban. A 2019 Atsuko Saito da abokan aikinta a Japan suka nuna cewa kyanwa tana bambance sunanta daga wasu kalmomi masu tsawo iri ɗaya, ko da baƙo ne ya kira ta, amma bayanin da suka bayar shi ne sunan yakan zo mata tare da wani abu, ko abinci, ko shafa, ko wasa, ko kuma abin da ba ta so kamar wanka da zuwa wurin likita. Abin da dabba ta riƙe shi ne abin da ke biyo bayan sautin. Idan an ɗauke sautin aka bar mata abin da ke biyo bayansa, asararta kaɗan ce, kuma tana iya ɗaura wannan tsammani a kan wani sautin.

Mun ga haka da idonmu. Cincila da rana barci take yi, sai wajen magariba take farkawa, saboda haka a wannan lokaci na sa 'yata ta tsaya nesa da keji hannu rabbana ta kira ta da tsohon sunan, ni ina daga bakin ƙofa. Cincilar tana zaune a kan katakon sama, riƙe da tsinken ciyawa da hannuwanta biyu tana tura shi baki. Kunne ɗaya ya juya wajen muryar, ta ɗan dakata da tauna, sannan ta ci gaba da abin da take yi. Sai yayanta ya ɗauko gwangwanin ƙurar wankanta ya girgiza, bai ce uffan ba. Kafin ya ajiye shi ta diro ƙasa, ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta kama ƙarfen ƙofar keji da hannu tana shinshina. Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo daga baya, ranar da maƙwabciyar ta aiko mini da saƙon murya a WhatsApp tana tambayar wani kwali da ta manta a wurina. Ba ta ambaci dabbar ba ko sau ɗaya, amma da na kunna saƙon kusa da keji sai ta saki abin da ke hannunta, ta miƙe da kunnuwa biyu a tsaye, ba ta motsa ba har muryar ta ƙare. Daga ranar na yarda cewa lallai ta rasa wani abu, kamar yadda ɗana ya faɗa, amma muryar ce ta rasa, kuma wannan ba abin da riƙe suna zai mayar mata ba ne.

Ƙanin maigidana, wanda ɗalibi ne kuma ba ya barin gardama ta wuce shi, ya jawo mana aya ta 5 a Suratul Ahzab cikin raha, wadda ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Na ce masa ayar a kan nasaba take, a kan irin su Zaidu bn Harisa da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) kafin saukarta, cincila kuwa ba ta da nasabar da za a ɓata ko gadon da za a karkatar. Idan ana neman abin koyi, ya fi kusa a duba yadda Annabi ya yi da sunayen mutanen da suka zo masa da su. Mafi yawansu ya bar su yadda ya same su, amma inda ya ga dalili ya sake. Ya mayar da Barra Zainab don kada sunan ya zama yabon kai, ya kuma mayar da wata 'yar Sayyidina Umar Jamila, domin sunanta na farko yana nufin mai saɓo. Akwai kuma Haznu (wato mai tsanani), kakan Sa'idu bn Musayyib, wanda aka ce masa ya zama Sahlu (wato mai sauƙi) ya ce ba zai canza sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ba, jikan nasa kuma ya ce tsananin nan bai gushe a cikinsu ba bayan haka, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Idan sunan ɗan Adam, wanda ya san sunansa kuma yake alfahari da shi, ana iya sake shi saboda dalili, to na dabba ya fi sauƙi. Darasin yana yanka ta ɗaya gefen ma, domin inda babu dalili, barin sunan shi ne asali.

Ɗana bai gamsu da wannan duka ba, sai da na juyo da maganar kansa. Na ce masa: "Kai kanka sunan kakanka gare ka. Ka taɓa jin na kira ka da shi?" Tun ranar suna Baffa ake ce masa a gidan nan, sunansa na yanka kuwa sai a makaranta da kan igama, wato katin izinin zama, yake jin sa, kuma bai taɓa ganin an ƙwace masa komai ba. Mu mutane ne da suka saba rai ɗaya ya ɗauki suna biyu ko uku, wannan na takarda, wannan na gida, wannan na abokai, kowane baki da wanda ya dace da shi. Abin da nake nema wa cincilar bai wuce abin da aka yi masa ba, wato tsohon sunan ya zauna a inda yake da gurbi, a gidan nan kuma a kira ta da wanda kowa zai iya furtawa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Zaɓen sabon sunan bai ba mu wahala ba. Dabbobin Manzon Allah (SAW) suna da sunaye, akwai taguwarsa Ƙaswa'u, da alfadarinsa Duldul wanda Muƙauƙis na Masar ya aiko masa, da jakinsa Ufair, wanda launinsa na ƙura ya jawo masa sunan. Masu dawakinmu ma da launi suke kira, wannan akawal, wancan kili, wancan danda, kuma babu mutumin da zai ji an kira doki akawal ya ce da shi ake. Muka ce mata Toka. Launinta ke nan, toka-toka mai duhu a baya da fari a ciki, sannan da abin da ya yi kama da toka take wanka. Gashinta ya yi cunkoson da daga rami ɗaya na fata gashi fiye da 50 ke fitowa, don haka idan ruwa ya shige shi ba ya bushewa da wuri, fatar kuma ta kamu da cuta. A maimakon ruwa ana zuba mata garin dutsen da aman wuta ya bari a kwano mai zurfi, sau biyu ko uku a mako. Takan shiga ta tona da hannuwa, ta kifa a gefe ɗaya, ta mirgina cikin ƙiftawar ido, ta miƙe ta girgije da gashin baki fari fat, ta dube mu, sannan ta sake komawa. Duk wanda ya ga wannan sau ɗaya ba ya tambayar dalilin sunan.

Shawarar da masu kiwo suka fi bayarwa ita ce a haɗa tsohon suna da sabo a riƙa kira tare na ɗan lokaci, sannan a saki tsohon a hankali. Shawara ce mai kyau ga wanda sunan bai dame shi ba, amma a gidanmu da an bi ta da an yi ɓarnar da ta fi ta farko, domin sunan Hajiya ne za a jera da toka a riƙa maimaitawa safe da yamma. Don haka muka bi wata hanya. Da farko muka bar ta ba suna, muna kiranta da wani ɗan sauti da maƙwabciyar ke yi da harshe a bayan haƙora, wanda na roƙe ta ta koya wa yaran kafin ta tafi. Da ta daina ɓuya idan an shigo ɗakin, sai muka fara faɗin sabon sunan, amma a lokacin alheri kawai: kafin a girgiza gwangwanin ƙura, kafin a buɗe mata ƙofa ta fito yawon dare, da kuma lokacin da za a miƙa mata ɗan ɓallin busasshen zoɓo, wanda take karɓa da hannu ta juya mana baya ta cinye. Zoɓon na zaɓa domin ba shi da zaƙi. A gidan da dabino ba ya yankewa a faranti, sai da na yi ta nanata wa yara da baƙi cewa cikin cincila ba ya ɗaukar sukari, dabino da zabibi cutarwa ne a gare ta ko da tana roƙo. Na kuma hana a ambaci sunan lokacin da ake korar ta daga wayar lantarki ko ake neman kama ta. Autana ya taɓa cafko ta ta baya yana kiran sunan da ƙarfi, sai ta zame ta bar masa curin gashi a hannu, wanda dabara ce da Allah ya ba ta ta kuɓuta daga bakin abin farauta. Gashin ya sake tsirowa, amma ta daɗe tana kauce wa hannunsa, kuma irin wannan kamun sau ɗaya ya fi sauya suna sau goma taɓa zuciyarta. Bayan 'yan makonni, idan aka ce Toka sai ta leƙo daga ɗakin katakonta ta nufo ƙofa.

Ina ganin masu tsayawa a kan suna da sunan amana sukan bar inda amanar take. Abubuwan da bai kamata sabon mai cincila ya taɓa ba su ne waɗanda jikinta ya dogara da su, na farkonsu kuma sanyi ne. Ba ta yin gumi, kuma idan zafi ya haura digiri 27 a ma'aunin Salshiyos, musamman ga laima irin ta Jidda, tana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Yawancin waɗanda ake kiwo a gidaje a yau sun fito ne daga tsatson guda 11 da wani injiniyan haƙar ma'adinai Ba'amurke, Mathias Chapman, ya sauko da su daga tsaunukan Cile sannu a hankali, ya kai su Kalifoniya a jirgin ruwa a 1923, ana sanyaya kejinsu da ƙanƙara a hanya. Shekara ɗari bayan haka jikokinsu ba su saba da zafi ba, shi ya sa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ɗakin Toka ba ya mutuwa dare da rana, akwai kuma falalen marmara a kejin da take kwanciya a kai, kuma idan na ga kunnuwanta sun yi ja nakan san sanyin bai ishe ta ba. Ɗakin katakon da ta zo da shi ban wanke shi ba sai da ta zauna sosai, ko da yake hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, domin warin da ta sani yana jikinsa. Busasshiyar ciyawar da ta saba ci ita muka ci gaba da saya, saboda haƙoranta ba sa daina girma kuma taunar ciyawa ce ke rage su, cikinta kuma ba ya son sauyi na farat ɗaya. Wanda ya riƙe tsohon suna amma ya sauya keji da abinci da wurin kwana a mako guda, ya riƙe abin da ya fi sauƙin riƙewa ne kawai.

Da a ce sunan da ta zo da shi Mishmish ne, ko Biskit, ko wani sunan Filifin da harshena ke tuntuɓe a kansa, da ban taɓa shi ba. Rashin son suna ba dalili ba ne a wurina, haka ma son a nuna cewa dabbar yanzu tawa ce, domin wannan buƙatar mai ita ce, kuma a kan dabbar ake ɗora wahalar sake koyo don a biya ta. Inda nake ganin sakewa ta wajaba shi ne idan sunan ya ci karo da na wani babba a gida, ko na wanda addini ya ce a girmama, ko kuma idan an lura dabbar tana firgita da jin sa, alamar cewa a gidan farko da tsawa ko duka yake zuwa mata. A wannan hali na ƙarshe sabon suna taimako ne gare ta, kuma dabarar haɗa tsoho da sabo ba ta da amfani a can ma.

Maƙwabciyar na sanar da ita da kaina, tun kafin ta ji sabon sunan a bakin yara cikin bidiyon da suke aika mata, domin wanda ya ba ka abin da yake ƙauna ya cancanci ya ji irin wannan daga bakinka. Na yi mata bayanin cewa sunan na uwar mijina ne, kuma a wurinmu suruka ba ta furta shi. Ta gane nan take, har ta ba ni haƙuri a kan abin da ba laifinta ba ne, amma har yau idan ta aiko saƙo da tsohon sunan take tambayar lafiyarta, ni kuma nakan amsa da cewa Toka tana nan lafiya, kowa ya san wadda ake nufi. A katin likitan dabbobi ma ba mu sa an goge tsohon ba, domin a ƙarƙashinsa aka rubuta tarihin nauyinta da duban haƙoranta, sai dai aka ƙara sabon a gefe. Maigidana ne ya je, kuma da ma'aikacin ya tambaye shi sunan da ke fayil ɗin, katin ya miƙa masa ya nuna da yatsa.

Da Hajiya ta zo daga Makka, yaran suka ja ta har ɗakin don ta ga wankan ƙura. Ta tsaya tana kallo tana salati, ta tambayi sunanta, aka ce Toka, ta ce lallai sunan ya bi jiki. Ina murna an wuce wurin sai kishiyar tata ta kwashe labarin tsohon sunan kaf ta faɗa mata, har da shawarar Takwarar Hajiya. Ni dai na shige kicin, amma ina jiyo ta tana cewa: "Ke kishiya, ai na san aikinki ne. Da uwarki ta biye miki, da yanzu a Misfala ake ba da labarinku." Sannan ta ɗaga kai ta dubi mukayyif da ke ta aiki a ɗakin da babu mai kwana a cikinsa, ta kira ɗanta ta tambaye shi nawa yake biya na wuta a wata saboda ɓera.